Teɓar Aro

"Ƙara ɗaurewa," in ji Alhaji Labbo.

Matarsa Zulai ta sake zagaya cikinsa da tsohon zaninta, ta soke bakin a baya, tana danne dariya. Ya ɗora taguwa biyu, ya kawo babbar riga ya rufe. A madubi dai, dillalin albasan nan na Aliero ya dawo yadda aka san shi.

Shi fa abin duk ya ɗaure masa kai. Likitan da gwamnatin sabuwar jiharsu ta turo asibitin Jega ya ce jininsa ya hau, in bai rage ƙiba ba, shanyewar ɓarin jikin da ta kwantar da mahaifinsa tana tafe. Labbo ya tsorata ƙwarai. Ya koma malmalar tuwo ɗaya, ya saki kitse da fura. Da fari nama ya zube, sai kuma sikeli ya kafe. Likita ya ce haka jiki yake, in ya ga abinci ya ragu sai shi ma ya rage ƙonawa, kamar maigida a shekarar fari. Wai da sauran aiki.

To, ga inda aka kwana: a asibiti ƙato ne, a kasuwa ya lalace. Manoma kuwa ba sa barin albasarsu hannun dillalin da wuyansa ya zuƙe. Ramamme, a wurinsu, ko ya karye ko ciwo na cinsa. Ɗaya bayan ɗaya suka koma rumfar Tamu, dillalin da ke gasa da shi. Saura Altine na Fagada, wanda ƙauyensu duka ke bin bayansa.

Da hantsi Altine ya iso da jakunansa, ya tsaya ya ƙare masa kallo. Gumi na bin bayan Labbo.

"Alhamdu lillahi! Alhaji, jiki ya komo! Wallahi har mun yanke mu kai ma Tamu. Mutane na ta hwaɗin ka ƙare."

"Masassara ta, ta wuce," in ji Labbo.

Altine ya ce a sauke buhuna. Sannan ya sa aka kawo fura mai kauri da balangu, kitse har ya jiƙa takardar.

"Yau ni ka ciyar da kai. Ci mu gani, hankalinmu shi kwanta."

Manoma suka kewaye shi suna murmushi. Labbo ya dubi naman, ya tuna hannun mahaifinsa a langaɓe bisa tabarma. Ya dubi buhunan, rabi a ƙasa, rabi kan jakuna, masu saukewa ma sun dakata suna jira.

Cikinsa na gaske ya yi ƙugi a ƙarƙashin na aro. Ya lalubo 'yar tsoka, Altine ya ture masa hannu, ya zaɓo mai kitsen ya miƙa masa.

"Bismillahi," in ji Labbo, ya buɗe baki.