Mai Tiren Askirim da Ɗakin Majigi

Shekaru biyar na yaƙi Doreen Haworth ce ke haska fim a silimar Mista Entwistle, ita kaɗai a ɗakin majigi, ba ta taɓa barin allo ya yi fari ba. Ana gama yaƙi maza suka dawo, sai Entwistle ya tuna wai inji ba aikin mace ba ne. Kai, mutum! Ya ba mijinta Clifford kujerar, ita kuma ya rataya mata tiren askirim a wuya.

Abin da bai sani ba, Clifford ya dawo daga Burma da hannu mai rawa. Ko shayi sai ya zubar da rabi, balle zura siririn fim a haƙoran inji. Ga shi injina biyu ne, kuma kowane faifan fim minti ashirin yake yi. Da ɗigo ya bayyana a kusurwar allo, dole a kashe wannan injin a tayar da wancan cikin ƙiftawar ido. Don haka duk minti ashirin Doreen takan jingine tire bayan labule, ta haye matakala talatin da biyu, ta ɗaura, ta sauya, ta sauko tana murmushi. Wata tara suna haka. Ranar da asiri ya tonu, ta san su biyun za su rasa abin yi.

Ran wata Asabar da rana ana nuna wani fim na barkwanci: 'yar attajiri ta yi shigar 'yar aiki, saurayinta direba ya yi shigar ɗan sarauta, kowa na yaudarar kowa. Matan masaƙa sun cika zaure suna ta ƙyaƙyata. Doreen dai ko murmushi, don ta ga wadda ta fi wannan a gidanta.

Ta haura za ta sauya faifai na uku, sai ta tarar da Entwistle tsaye a ɗakin da agogo a hannu, Clifford ya ɓoye nasa hannuwan a aljihu.

"Misis Haworth, askirim ake sayarwa a nan sama?"

"Shayi na zo tambayarsa, yallaɓai."

"Shayi sau shida a fim ɗaya? Tulu ne cikinsa? To zauna ki ga yadda maza ke aiki. Clifford, ɗaura na gaba."

Clifford ya zaro hannu ya ɗauki faifan. Bakin fim ɗin ya riƙa kaɗawa a yatsunsa, ya kasa shiga. Ya sake, ya kasa. Doreen ta ji tausayi da haushi sun taso mata lokaci guda. Ta karɓe a hankali, ta zura, ɗigo ya fito, ta sauya. A ƙasa dariya ba ta ko yanke ba.

Entwistle ya daɗe yana shafa gashin baki. Ba wawa ba ne, ya san bai taɓa samun mai aiki irinta ba.

"To, ban ga komai ba," ya ce. "Sunan Clifford ya zauna a takardar albashi. Ke kuma ki ci gaba da hawa da sauka, amma kada kowa ya ji. Me za a ce a gari?"

Wato ya yi mata alfarma ke nan. Doreen ta ja kujera ta zauna, ta harɗe hannu.

"Na gama hawa da sauka. Ko sunana a takarda, ko ka nemi namijin da zai sauya maka na huɗu."

"Ke 'yar nan, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Saura minti goma sha huɗu."

Ya yi barazana, ya yi lallashi, ya ambaci ƙungiyar ma'aikata, har ya tuna mata shi ya ba su aron mota ran bikinsu. Ko gezau. Faifai ya ƙare, jelarsa na bugun inji fat-fat, allo ya yi fari fes. Nan take mutum ɗari shida suka hau buga ƙafa da fito, har ƙura na zubowa daga rufi.

Entwistle ya juya ga mijin. "Clifford, kai ne maigida. Yi wa matarka magana mana!"

Sai yanzu Doreen ta tuna cewa a rubuta sunanta, goge nasa ne, kuma ba ta shawarce shi ba. Wata tara tana rufa masa asiri, yau ta yaye da hannunta.

Clifford ya miƙa hannuwansa biyu a gaban Entwistle, ya bar su suna rawa a fili, abin da ko mahaifiyarsa bai taɓa nuna wa ba.

"Duba da kyau, yallaɓai. Ban taɓa sauya ko ɗaya ba. Rubuta nata."

Entwistle ya laluba aljihu ya zaro alƙalami. Doreen ta tashi ta nufi inji, hawaye sun hana ta ganin haƙoransa, amma yatsunta sun san hanya.