Yinin da Sahura Ta Yi Magana a Kyoto

Jiya da dare na yi wani mafarki, ni da rabona da mafarki har na manta. Na gan mu, ni da matata Sahura, a ƙasar Japan, a wani gari wai shi Kyoto, muna tsaye a ƙofar wani otal. Ni kafinta ne a Funtua, iyakar tafiyata Kaduna, amma Japan ɗin ba ta ba ni mamaki ba. Sahura ce na tsaya ina kallo. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tafiya, ba ta magana, ni nake tayar da ita, ni nake kwantar da ita. Sai ga ta tsaye da ƙafafunta tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"Malam, rufe bakin nan kada ƙuda ya faɗa," in ji ta.

Muryarta ce sak, har da 'yar dishewar nan.

Muka shiga. Babu komai a zauren otal ɗin sai wani dogon tebur, da dutse guda, da busasshen reshe a cikin tulu. A bayan teburin wata farar akuya ce zaune da tabarau. Ta rusuna mana har ƙahonta ya taɓa katako, muka rusuna, ta sake rusunawa. Sai da Sahura ta ce bayanta ya fara ciwo sannan aka daina.

Na tambayi akuyar ko ɓarayi ne suka shigo musu.

"A'a, ranka ya daɗe, tsari ne. Wanda ya zana gidan nan shekara bakwai ya yi yana fitar da kaya waje. Ranar da ya gama, shi ma ya fita."

Ta karɓi takalmanmu ta ba su ɗaki nasu daban, ta ce sun sha hanya, kada a tashe su. Sannan ta sassauta murya.

"Ƙafafun Hajiya da muryarta na gidan nan ne, kamar tawul da sabulu. Da faɗuwar rana ake mayar mana da su."

Na ce na gode, na ji.

Bangon ɗakinmu na takarda ne, haske yana ratsa shi kamar nono a ƙyalle. Tagar tana can ƙasa daidai idon sawu, sai mutum ya durƙusa zai hango dutsen da ke bayan gari. Akwai kujera mai ƙafa ɗaya. Na je zan zauna, ta matsa gefe da ladabi. A tsakar ɗakin kuma akwai wani ɗan tebur da ya ɗauke mini hankali gaba ɗaya. Babu ƙusa ko guda a jikinsa, babu gam. Katako ne ya kama katako kamar yatsun mutum biyu da suka daɗe ba su gaisa ba. Na kwanta na shige ƙarƙashinsa.

"Malam, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ina zuwa. Bari in ga yadda ya haɗa wannan kusurwar."

Shekara talatin da ɗaya ina ce mata ina zuwa. Da na fito daga ƙarƙashin teburin, rana ta take tsaka har ta karkata, Sahura ba ta ɗakin.

Sai na gan ni a titi ba takalmi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama. Mutanen garin sun juya laimominsu baki sama sun tsaya a ciki, suna tafiya a hankali kamar masu kwalekwale. Ni da ba ni da laima, ruwa ya shiga ta ƙafar wando ya fito ta wuyan riga. Ina gudu ina leƙa lunguna masu gidajen katako da jajayen fitilu, ina kiran sunanta. Ba wanda ya harare ni. Kowa sai ya rusuna ya ba ni hanya.

A wata kwana na tarar da injin sayar da lemo yana tsaye shi kaɗai. Na yi masa sallama, na tambaye shi gajiya da iyali. Ya ce lafiya lau, sai dai ƙaramarsu tana haƙori.

"Don Allah ko ka ga wata mata mai koren zane?"

"Ta wuce. Ta ce idan wani jiƙaƙƙen mutum ya zo a ba shi abu mai zafi."

Gwangwanin shayi ya faɗo. Na riƙe shi da hannu biyu, na ji kunya ta kama ni har kunnuwa.

Sai ga ni a jirgin ƙasa. Shi jirgin ba ya motsi, garin ne yake wucewa ta taga. Mai duba tikiti wani zalɓe ne da farar safar hannu a fukafukai. Na ce masa sauri nake yi.

"Shi ya sa tasharka ba ta zo ba," in ji shi. "Tana tsoron masu sauri. Zauna ka sha shayinka."

Na zauna. Na sha. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan zaman ba, ina kallon rana tana sauka a bayan rufin gidaje. Da na kurɓi na ƙarshe, tasha ta leƙo ta taga kamar mage, ta tsaya.

Wani lambu ne da ba shuka a cikinsa, sai farar tsakuwa da aka shata wa layuka da manyan duwatsu a tsakani. Sahura tana zaune a bakin baranda ta miƙe ƙafa, tana cin taliya da tsinke biyu, da hannun nan na hagu da ya mutu. Rana ta sauko ta maƙale a reshen wata bishiya. Can ƙarshen lambun akuyar otal tana tsaye riƙe da faranti, tana duba agogo.

Na zauna kusa da matata. Na buɗe baki, ta ɗaga tsinke.

"Yau ni ce da magana. Na farko, kokon da kake ba ni ya cika zafi, ka riƙa fifita shi. Na biyu, ka daina juya ni ina kallon bango. Na haddace bangon nan kaf. Ƙofa nake so, in ga tsakar gida, in ga masu wucewa. Rediyo kuma, na gaji da shirin likitoci, ka mayar mini wasan kwaikwayo. Sannan ka gaya wa Tabawa maƙwabciyarmu ta daina yi mini ihu a kunne. Bakina ne ya tafi, kunnena yana nan."

Na ce to. Duk abin da ta faɗa, to. Amma akwai abin da nake ɗauke da shi a rai tun ranar da ta faɗi. Da safiyar ranar ta ce mini kanta yana sarawa, na ce ina zuwa, bari in kai wa wani mutum ƙofarsa. Ban dawo ba sai bayan azahar. A bakin murhu na same ta kwance cikin rana.

"Sahura, kina riƙe da ni a kan ranar nan?"

Ta ajiye kwanon.

"Na riƙe ka. Wata biyu cur ina fushi, ga shi ba bakin faɗa. Sai ranar da ka zauna za ka yi mini kitso."

"Ban iya ba ai."

"Wa ya ce ka iya? Ka fito da harshe kana aunawa da ɗan yatsa kamar za ka yanka filanki, ka yi mini wani abu a ka kamar igiyar ɗaure akuya."

Can nesa akuyar ta yi gyaran murya.

"Dariya ta kama ni," Sahura ta ci gaba, "kai kuma ka ɗauka kuka nake, ka fita a guje neman mai allura. Tun daga ranar fushin ya tafi, na neme shi na rasa. Kai kaɗai ka rage kana ɗauke da abinka. Ajiye shi, Malam, ya isa haka."

Ruwan idona ya fito, shi ma ya nufi sama.

Reshen ya karye, rana ta faɗi. Akuyar ta taho da farantinta. Na miƙe na roƙe ta ta ƙara mana ko da rabin sa'a.

"Dokar gida ce, ranka ya daɗe, a rubuce take," ta ce, ta zaro wata takarda ta nuna mini. Ta dubi takardar, ta dube mu, sannan ta sa ta a baki ta fara taunawa a hankali. "Sai na haɗiye tukuna. Ni kuwa ba na ci da gaggawa."

Allah ya saka wa akuyar nan da alheri duk inda take.

Muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna jin ƙarar tauna. Da ya rage saura loma guda, Sahura ta juyo ta dube ni. Tunda aka ɗaura mana aure ba ta taɓa kama sunana ba, ko a bayan idona, don kunya. Ta rufe fuska da gefen mayafi, ta faɗe shi sau ɗaya, a hankali.

"Haladu."

Ban kai ga amsawa ba sai na ji ƙwan, ƙwan, ƙwararrar. An kawo ruwa, famfon tsakar gida yana zuba a cikin bokitin ƙarfe. Gari ya fara haske. Sahura tana kwance a gadonta, idonta biyu, fuskarta a bango. Na tashi na kama ƙafar gadon na fara ja ina juya shi wajen ƙofa. A waje bokiti ya cika yana ambaliya, na bar shi ya zuba.