Lambobin Osvaldo

Karo na huɗu ke nan Zuleide na zaro abu daga ƙarƙashin saiwa, kuma babu na mijinta a ciki. Robar man shanu biyu, gwangwanin madara, har da kwalbar magani. Haka wasu 'yan wasan ɓoyon akwatin nan suke, ba kunya ba tsoron Allah. Mutum ya bi lambobin taswira a waya ya hau dutse neman akwatin da wani ya ɓoye, ya nema ya rasa, maimakon ya ce bai gani ba, sai ya ajiye tasa robar ya shelanta wai ya samu.

Mijin nata, marigayi Osvaldo, shi ne ya ɓoye akwatin asali a gandun dajin jihar, shekara tara da suka wuce. Yanzu masu kula da wasan sun rubuto mata: ta tabbatar yana nan kafin Litinin, ko su share shi daga taswira. Sunansa ne a jiki, ita kuwa ba ta shirya a binne shi sau biyu ba.

Ƙanenta Jurandir, da tumbinsa da hakinsa, ya ɗaga waya. "Yaya, ta ce saura taku biyu."

"Tun hantsi take saura taku biyu. Kai da ita Allah ya shirya."

"Lambobin mijinki ne dai."

"To ban sani ba ne? Bakina har ya gaji da gaya masa na'urarsa ta ɗaukar lambobin ta tsufa. Wai ni ce ban iya karatu ba."

Haushi ya ishe ta, ta daina kallon waya ta dubi gangaren. Osvaldo da wannan gwiwar tasa? Ko da kuɗi ba zai sauko nan ba. Shi dai a ba shi inuwa da shimfiɗaɗɗen dutsen da zai ɗora gorar kofi. Ta juya ta hau tana ƙirgawa tana tsaki. A taku na arba'in ga dutsen, a bayansa kuwa ga koren akwatin ƙarfe cikin ganye.

Littafin sa hannu a bushe yake, sunaye uku kacal. A ƙasansu ga rubutun Osvaldo, kamar tafiyar kaza: "Zuleide, tunda kin iso nan, sai ki yarda lambobina daidai ne."

"Ji min mutum," ta ce. Ranta ya ɓaci sosai, kewarsa kuma ta taso mata. Ta ɗauki biro ta rubuta a ƙasa: "Taku arba'in ka kauce."

Jurandir ya iso yana share gumi. "In ba a gyara lambobin ba za su share shi fa. In gyara?"

"Gyara. In ya isa ya tashi ya hana."

Ta ɗan tsaya da littafin a hannu. Babu wanda ya musa mata, kuma wannan ne ya fi komai ƙona mata rai.