Riƙon Baƙuwa

Igiyar kawai Rufa'i ya tarar a saman benen, sai kwanon ruwa da rana ta ƙafar.

"Yaya, ina Baƙuwa?"

Wansa Mutala bai ɗago daga gugar da yake yi ba. "Na kwance ta tun hantsi. Kare ai shi ke nema wa kansa. Ko a gida ka taɓa ganin an dafa wa kare?"

"Nan ba gida ba ne! Ka ga ranar da ake yi kuwa?"

"Khalas, ya isa haka, malam mai karnuka. 'Yan gidan nan sun daina amsa mini sallama saboda kai. Wai mala'iku sun ƙaurace mana."

Rufa'i ya juya ya sauka.

*

Rufa'i direban tankar ruwa ne. Yakan kai ruwa wata gona a bayan Doha, inda wasu mata ke tara karnukan da aka watsar. Duk bazara haka ake yi: masu manyan albashi su hau jirgi, su bar dabba a ƙofa kamar tsohuwar katifa. Wannan karyar ma shi ya hango ta ɗaure a ƙofar wani gida, ƙafarta a kumbure, ya kai musu. Duk kejinsu ya cika. Suka roƙe shi ya riƙe ta har ta warke, a samo mata gida.

Ya ce shi bai taɓa riƙe kare ba. Sai ta ɗora haɓarta a kan takalminsa.

*

Ya zaga lungunan unguwar Al Asmakh yana kiranta. Kwalta tana cin tafin ƙafarsa ta cikin silifas. A garinsu da tuni ta samu inuwar darbejiya, ko wata tsohuwa ta watsa mata ƙanzo. Nan ba inuwa, kowace ƙofa a rufe.

Bayan la'asar zuciyarsa ta gaya masa inda za ta.

Tana nan kwance a ƙofar tsohon gidan da ya tsince ta, hancinta a ƙasan ƙyauren. Tafukanta duk sun saɓule. Ya durƙusa ya taɓa wuyanta. Da ɗumi, amma na rana ne.

A cikin gidan, na'urar sanyaya ɗaki da aka manta a kunne tana ta gurnani, tana sanyaya ɗakunan da ba kowa.