Turmin Baba Mala

Tabarma ɗaya. Buta. Katin zaɓe biyu a cikin leda. Turmi. Sai Baba Mala kansa. Abin da muka loda wa kwalekwalen Ya'u ke nan da safiyar ranar zaɓe, shekarar da aka ba mu Jihar Jigawa. Muna tsakiyar kogi, ruwa na lasar gefen jirgi.

"Ɗan Turai, riƙe turmin nan da kyau. In ya faɗa ruwa, Saude ta sake ni," in ji Baba Mala.

Baba Mala maƙwabcinmu ne, gurgu tun yana yaro, sana'arsa ɗinkin komar kamun kifi. Ni kuwa watana huɗu da dawowa daga Bulgariya, inda na shekara shida ina karatun ban-ruwa. Zaɓe bai dame ni ba. Bayana aka ara.

Saude matarsa har bakin kogi ta biyo mu da faɗa. Likita a Haɗeja ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya kwanta. Ga shi kuma an ɗauke mata turmi ranar dakan gero.

A lokacin ba a dangwala ƙuri'a. Hoton ɗan takara ake kafawa, ka shiga layi a bayansa, malamin zaɓe ya bi yana taɓa kawuna yana ƙirgawa. A zaɓen kansiloli na bara Baba Mala ya ja jiki har cikin layi, ya zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane. Mai ƙirga ya wuce, bai ko dubi ƙasa ba. Da ya yi magana aka ce an riga an rubuta.

"Bana kam sai an taɓa hular nan," in ji shi.

A filin firamare na sauke shi daga bayana. Ya'u ya mirgino turmin, muka kife shi a cikin gajeren layin ɗan takararsa, muka ninke tabarma a kai, muka ɗora shi. Kansa ya kai kafaɗar na gabansa.

Buba mai kifi, abokin wasansa, ya hango shi daga dogon layi.

"La ila! Yau wankan amarya za a yi? Mala, ina lallen?"

"Tsaya a layinku, Buba, kada ƙarninka ya korar mana mutane. Da ma ba mu da yawa."

Aka kwashe da dariya har a layin mata.

Rana ta ɗaga. Numfashinsa ya fara sarƙewa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na dafa shi ta baya.

"Baba, mu koma inuwa."

"Ka yi shekara shida kana jiran takardar gama karatu. Ni awa ɗaya ce."

Malamin zaɓen, Malam Filibus, mutumin Kagoro ne da ke koyarwa a Auyo. Yana isowa kanmu, wakilin dogon layi ya sha gabansa.

"Malam, cewa aka yi a tsaya a layi. Wannan a zaune yake."

Malam Filibus ya dubi turmin, ya dubi Baba Mala.

"Ni kai aka ce in ƙirga, ba ƙafa ba." Ya ɗora hannu a kan hular. "Tamanin da shida."

Sai ya taɓa nawa. "Tamanin da bakwai."

"Ni turmi nake riƙewa."

"Kana da kati?"

"Yana da shi," in ji Baba Mala. "Ni na kai shi ya yi."

Mun faɗi. Tamanin da bakwai muka samu, su ɗari biyu da sha biyu. A hanyar komawa Baba Mala yana kwance a cikin jirgi, kansa a kan tabarma, yana dariya yana tari.

"Tamanin da bakwai, Ya'u! Da babu ni, shida ne."

"Da babu kai biyar ne, Baba," in ji Ya'u. "Ɗan Turai ma kai ka kawo shi."

Kwana tara bayan nan ya rasu, bayan azahar, a zaurensa, da koma a cinya bai gama ɗinke ta ba. Buba ne ya fara shiga kabarin don karɓarsa.

Bayan sadakar uku Saude ta mirgino turmin har ƙofata.

"Na gwada daka a ciki, na kasa. Ka ajiye shi."

Da ma a wurin gaisuwa Auta, gurgun da ke gyaran rediyo a tasha, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko turmin na nan. An ce akwai wani zaɓen da damina. Ni kuma takardar kiran aiki daga Kaduna na kan tebur tun makon jiya.

Na shigar da turmin ɗaki, na kife shi a lungu, na ɗora takardar a kai. Na rufe ƙofa.

Kaduna ta jira. Sai an taɓa hular Auta.