Igiyar Yakubu

Duk garin Adabka an san kaifin kan Namadi ɗan kabu-kabu. Ranar kasuwar Bukkuyum matan unguwa sukan jera masa saƙo ashirin, daga kanwa har zaren ɗinki, ya tafi babu takarda, ya dawo bai manta ko allura ba.

Bana abin ya sauya. Ya kai wa mai jego goron tsohuwa, ya kai wa tsohuwa maganin jariri. Ana cikin magana sai zaren ya kuɓuce masa, ya ce a maimaita. Wani lokaci ya waiga wai an kira sunansa, sannan ya yi dariya ya ce kunnensa ne. Mutane kuwa, bakinsu ba ya hutu. Wasu suka ce dalmar da ya shaƙa ce lokacin da yake niƙan dutsen zinari a Abare, wasu suka ce soyayya ce.

Uwarsa Ladidi kuwa ta san wannan hanyar. Haka mijinta Yakubu ya fara, da 'yar mantuwa. Ta yi ta rufa masa asiri, tana ƙulla masa igiya, kowane saƙo ƙulli ɗaya, har ranar da hankalin ya gushe gaba ɗaya aka sa shi a mari. A can ya rasu. Tun daga nan ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa, ga shi yanzu tsoro ya ƙaru a kai.

Ranar kasuwa da safe ta tono igiyar daga ƙasan adudu, ta yi mata ƙulli bakwai, ta miƙa wa Namadi yana goge babur.

"Riƙe wagga. Na farko gishirin Husaina, na biyu..."

Ya juya igiyar a hannu, ta yi baƙi don tsufa.

"Ta Baba ce."

"Ita ce."

"Shekara nawa ta rufa mashi asiri, Inna?"

Ta ce, "Biyu."

Ya ɗora igiyar a kan turmi, ya tada babur.

"Ni biyu ba ta isa ta. Hau mu tahi asibitin Gummi, tun ina gane hanya."

Ladidi ta tuna bakin mutane, ta ji ko wannan ba ta da sauran ƙarfin tsoronsa. Ta shiga ta ɗauko mayafinta.