Amorar Iya Hajjo

"Ke Habiba, gurzawa na ce, ba sara ba," in ji Iya Hajjo daga kan tabarmarta. "Wannan hannu naki sai ka ce na mai faskare."

Na sake danna amorar a kan dutse na ci gaba. Ko kai ba ta iya ɗagawa, amma bakin nan nata bai kwanta ciwo ba.

Maƙwabciyata ce, danga ɗaya ta raba mu a bakin ganuwar Birnin Gwari. Ba ɗa, ba jika. A da, in kaka ta yi, sai ta shiga daji ta haƙo amora, wata saiwa mai kama da gwaza, ta fitar da garinta fari fat, ta dama da nono da zuma ta raba wa unguwa. Mu matasan mata har dariya muke mata, wai abincin mutanen da. To, shekarar da fara ta cinye mana gero da dawa, dariya ta ƙare. Amora kuwa dafi gare ta, in ba a iya wanke ta ba sai ta kashe gida guda. A unguwar kaf Iya kaɗai ta iya, ga shi kwananta ashirin a kwance.

Ni kuwa 'ya'ya biyu suka rage mini, A'isha da Huseina. Hassana mun binne ta da damina. Ubansu ya bi fatake Zazzau neman hatsi, har lokacin shiru. Kwana uku ba abin da yaran suka sa a ciki sai dafaffen ganyen tafasa.

"Da ruwan rafi za ki wanke," in ji Iya. "Ki tace da tsumma, ki bari garin ya kwanta, ki tsiyaye ruwan da ke kai. Kar ki zubar inda akuya za ta sha. Sai ki sake."

"Sau nawa, Iya?"

"Ji wata tambaya! Wa ya ce miki ƙirgawa ake yi? Ta wajen Kazage wanki huɗu ya ishe ta, ta cikin dajin Kamuku ko tara kika yi sai ta yi miki gardama. Harshe ke faɗa."

Yini guda da safiya ina wanki. Na lakata na sa a harshe, na ji ɗaci. Na kurkure baki na ɗanɗani ruwan randa, shi ma ɗaci. Yunwa ta riga ta ɓata mini baki, komai ɗaci yake mini.

Da rana ta ɗan karkata, Iya ta ce in dama. Na dama kunu, ya yi kauri, ya yi sheƙi. Yaran suka taso.

"Ku koma!" Ban san inda ta samo wannan muryar ba. Ta juyo da ido kaina. "Auna taki uku daga inuwar danga, ki yi zane a ƙasa. Mai wanki ita ke fara sha, ta zauna sai inuwa ta taɓa zanen. In ba jiri, ciki bai murɗa ba, sai a ba yara. Haka uwata ta yi, haka na yi shekara arba'in."

"To ai ni na wanke, Iya."

"Ni na sa ki. In kin faɗi, wa zai riƙe waɗannan? Miƙo ludayin."

Na miƙa. Gaskiya ɗaya ce, daɗi na ji da ta faɗi haka, kuma har gobe ina jin kunyar wannan daɗin. Na tallafo kanta ta sha uku.

"Ba zuma," ta ce, tana yatsine fuska.

"Da ɗaci, Iya?"

"Ke dai gaggawa. Bari tukuna."

Ta rufe ido. Na zauna ina kallon ƙasa, ina korar mata ƙuda. Inuwa ba ta kai rabin hanya ba na lura zanen da ta ɗaura ya daina motsi a ƙirji. Ba amai, ba shure-shure. Na kira ta sau biyu. Na ja mayafi na rufe mata fuska, na leƙa ta danga na gaya wa Fatsuma, matar Malam Nababa, kamar mai neman aron muciya.

Mata suka taru, aka yi mata wanka, maza suka ɗauke ta kafin la'asar. Ina ta jiran kuka ya zo, bai zo ba. Da za ta fita, Fatsuma ta tsaya a kan ƙwaryar da na rufe da faifai.

"Kunun ne, Habiba?"

"Ban sani ba."

"Ko dai ciwon ne?"

"Ban sani ba, Yaya Fatsuma."

"Don Allah zubar da shi."

"To," na ce.

Gidan ya watse. Ƙafafun mutane sun share zanen da na yi. Na buɗe faifan, kunun ya yi sanyi ya daskare. Huseina ba ta kuka kuma, tun jiya ta daina, kallon ƙwaryar kawai take yi.

Na auna taki uku, na yi sabon zane. Na ɗauraye ludayin Iya na sha uku. Ɗaci, kamar komai.

"A'isha," na ce wa babbar, "in kin ga na kwanta, ki kife ƙwaryar nan a bayan danga, ki kama hannun ƙanwarki ku tafi gidan Malam. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

Na jingina da turmi na miƙe ƙafa. Huseina ta ɗauko ɗan ƙoƙonta, ta je ta tsuguna a bakin zanen, tana kallon inuwa.